Inji Naka, Mabuɗi a Hannun Wani

A farkon watan Afrilu na shekarar 2012 aka sa ranar buɗe masana'antar sukari ta Nilul Abyad, wadda aka kashe wa kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya, aka kuma tsara ta domin ta riƙa fitar da tan 450,000 na sukari a kowace shekara. An gayyaci manyan baƙi, musamman da yake a wannan makon ne Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yake taronsa na shekara a Khartum. Ana saura ƙiris sai aka ji sanarwa cewa an ɗage bikin. Dalilin da aka bayar shi ne, manhajar kwamfutar da za ta tuƙa injinan ba ta samu ba, saboda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan ya tare ta. Ga ƙarafa an girke, ga ma'aikata a tsaye, amma abin da zai ce wa inji ya tashi yana hannun wasu a wata ƙasa. Ministan masana'antu na lokacin, Abdulwahab Usman, ya miƙa takardar murabus domin ɗaukar alhakin abin da ya faru, shugaba Umar al-Bashir ya ƙi karɓa, ya sa aka yi bincike. Sai a watan Yuli na wannan shekarar aka samu aka buɗe masana'antar.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Umbadda da wannan magana ta manya? Da ruwansa ƙwarai. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan a kan hanyar Makka, ko suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da hannu suka yi aiki: tsinkar auduga a Jazira tun da aka buɗe gonar a 1925, daga baya kuma yankan rake a Junaid da Asalaya da Kenana. Amma jikokinsu a yau akwai masu aikin lantarki, akwai waɗanda suka fito daga Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, akwai masu tsaron inji a masana'antun Bahri da Umdurman da Bagair. Akwai kuma 'yan kasuwarmu na Suk Libya da suka tara abin da suka tara suka sayo injin matse gyaɗa da riɗi, ko na buga leda, ko na ƙanƙara, ko na cika ruwa a gora, daga Sin ko Turkiyya ko Indiya. Mafi yawan sababbin injinan nan da allo suke zuwa, kuma bayan kowane allo akwai manhaja, bayan manhajar akwai sharaɗi. Tun da sojoji suka karɓe Khartum da Suk Libya a watan Maris na 2025 jama'a suka soma komowa suna duba abin da yaƙi ya bar musu. Duk wanda zai gyara tsohon inji ko ya sayi sabo, ya kamata ya san wannan sharaɗi kafin ya zura hannu a aljihu.

Mene ne wannan allo?

A da, mai tsaron inji yana tsaye ne gaban wani akwatin ƙarfe mai maɓallai, da fitila ja da kore, da agogo mai allura da ke nuna zafi ko ƙarfin tururi. Yanzu an raba aikin gida uku. Akwai 'yan na'urori da aka dasa a jikin inji suna auna zafi da nauyi da gudun mota da yawan abin da ke cikin tanki. Akwai ƙwaƙwalwar inji, wadda ma'aikata ke kira PLC, ita ce ke karɓar waɗannan awo ta yanke shawarar a buɗe wannan a rufe wancan. Sannan akwai allon da ɗan Adam ke kallo yana taɓawa, inda ake zana masa tanki da bututu da famfo, yana ganin wanda ke aiki da wanda ya tsaya, yana sauya adadi, ƙararrawa na faɗakar da shi idan wani abu ya ɓaci. A ƙaramin inji allon bai wuce faɗin littafi ba, a jikin injin yake. A babbar masana'anta irin Kenana, ko matatar mai ta Jaili da ta fara aiki a shekarar 2000, ko madatsar ruwa ta Marawi da aka buɗe a 2009, ɗaki ne guda cike da kwamfutoci, daga nan ake ganin komai. Wannan babban tsari shi ake kira Skada.

Kamfanin Wonderware na jihar Kalifoniya ne ya yi suna da fara ɗora irin wannan manhaja a kan Windows, da ya fito da InTouch a 1989. Daga nan kasuwa ta buɗe: Siemens na Jamus yana da WinCC, Rockwell na Amurka yana da FactoryTalk View, Citect ya fito daga Ostireliya, Sin kuma tana da nata irin su KingView.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan ka sayi janareta, naka ne, ka ga dama ka sayar, ka ga dama ka kwance shi. Manhaja ba haka take ba. Abin da kake biya wa kuɗi izini ne na yin amfani da ita bisa sharuɗɗan da mai ita ya rubuta, wannan izini shi ne lasisi. Dattawanmu da suka riƙe hawasha a Jazira a zamanin da za su fi kowa gane wannan: kai ke noma, kai ke shan rana, amma ƙasar ba taka ba ce, kuma abin da za ka shuka da lokacin da ruwa zai zo maka a rubuce suke a ofishin wani.

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne lasisin iri biyu ne. Akwai lasisin gini, wanda injiniya ke buƙata domin ya zana shafukan allon, ya haɗa su da ƙwaƙwalwar inji, ya kuma gyara su idan an ƙara sabon tanki. Akwai kuma lasisin gudanarwa, wanda ke barin abin da aka zana ya yi aiki kullum a gaban mai tsaron inji. Sau da yawa ɗan kwangila yakan kawo maka na gudanarwa kaɗai, na ginin yana cikin kwamfutarsa ya tafi da shi. Muddin komai na tafiya daidai ba za ka san bambancin ba. Ranar da kake son sauya ko da sunan maɓalli ɗaya, ranar za ka gane cewa sai ka neme shi, kuma shi zai faɗi kuɗin. A ƙananan alluna na jikin inji, irin na Siemens da na Rockwell, lasisin gudanarwa yana cikin kuɗin allon tun daga kanti, manhajar ginin ce ake saye daban.

Yadda ake ƙirga kuɗin

Kamfanoni ba su haɗu a kan mudu ɗaya ba. Mafi shahara shi ne ƙirga ɗigo, abin da injiniyoyi ke kira tag, wato kowane bayani guda da allo ke karɓa daga ƙwaƙwalwar inji ko yake aika mata. Alal misali, a ce kana da famfo ɗaya. Allo yana so ya san yana aiki ko ya tsaya, ɗigo ɗaya ke nan. Umurnin tashi da na tsayawa, biyu. Alamar matsala, ɗaya. Wutar da yake ja, ɗaya. Awannin da ya yi yana aiki, ɗaya. Kafin ka ankara famfo guda ya cinye ɗigo shida, idan kuma famfo ashirin ne an kai 120, ba a taɓo tanki ko tukunyar tururi ba. WinCC na Siemens, alal misali, ana sayar da shi hawa-hawa: 128, sai 512, sai 2048, sai 8192, har zuwa sama. Wanda ya sayi na 128 don ya rage kuɗi, bayan shekara ya ƙara layi na biyu, dole ya sayi hawa na gaba. Shi ya sa mai hankali yake ƙirga abin da yake da shi yau, ya ƙara na abin da yake fatan ƙarawa nan da shekara uku, sannan ya zaɓi hawa. A lura kuma, a WinCC ɗigon da ke magana da inji kaɗai ake ƙirgawa, na lissafin cikin gida ba ya shiga kuɗi. Wannan tambaya ce da za a yi wa kowane dillali, domin ba kowa ke ƙirgawa haka ba.

Rockwell ya daɗe yana lissafi da yawan shafukan da aka zana. Wasu kuma suna ƙara kuɗi a kan kowace kwamfuta da za ta leƙa tsarin, ta yadda idan mai gida yana so ya ga abin da ke gudana daga ofishinsa sai an saya masa nasa izinin. A shekarar 2010 wani kamfanin Kalifoniya mai suna Inductive Automation ya fito da Ignition, wanda ake biyan lasisinsa a kan uwar kwamfuta guda, ɗigo ba iyaka, masu kallo ba iyaka. Wannan tsari ya fi dacewa da babbar masana'anta mai niyyar faɗaɗawa. Ga mai injin leda ɗaya a Umbadda kuwa, ya zama sayen rigar da ta fi wuya.

Bayan mudu sai wa'adi. Tsohon tsari shi ne a biya sau ɗaya, lasisin ya zama na dindindin a kan wannan fitowar ta manhajar, in kana son sababbin gyare-gyare ka biya kuɗin kulawa na shekara, in ba ka so injinka ya ci gaba da aiki da tsohuwar. Sabon tsarin da manyan kamfanoni ke turawa yanzu shi ne haya: ka biya kaɗan a farko, amma kowace shekara sai ka sabunta. AVEVA, wanda ya gaji Wonderware, yana da irin wannan tsari da ya kira Flex. A Jamus ko Dubai haya tana da ma'ana, domin kuɗinsu a tsaye yake, bankinsu a buɗe, intanet ba ta yankewa. A nan fa? A rana ɗaya cikin watan Fabrairu na 2021 farashin dala a banki ya tashi daga fam 55 zuwa 375, bayan ɓarkewar yaƙi kuwa da dubbai ake lissafi. Mutumin da ke sayar da mai ko ƙanƙara da fam, ya ɗaura wa kansa bashin dala na kowace shekara, ya shiga tsaka mai wuya. A ganina, a halin da ƙasar nan take ciki, lasisin dindindin ya fi zama alheri ga ƙarami da matsakaicin mai masana'anta ko da ya fi tsada a ranar saye, sai fa idan aikin na ɗan lokaci ne.

Akwai kuma maganar inda mabuɗin yake zaune, kuma wannan ce aka fi yin sakaci da ita. Wani mabuɗin ɗan ƙarfe ne kamar filashi da ake sokawa a jikin kwamfuta, ana ce masa dongul. Da shi Citect ya saba. Idan kwamfuta ta mutu sai a zare shi a soka a wata, aiki ya ci gaba, amma in ya ɓata ko aka sace, tamkar an sace lasisin ne. Siemens yana ba da mabuɗinsa a cikin filashi, a da ma a faifan filofi, a kwashe shi a zuba a cikin kwamfuta, tare da takardar shaida ta lasisi. Wanda ya goge kwamfutar bai fara mayar da mabuɗin cikin filashi ba, ya goge kuɗinsa, sai dai ya koma wa kamfani da takardar nan. Rockwell yakan ɗaure izinin da lambar wani ɓangare na kwamfutar, in ba ta ga izini ba manhajar takan yi haƙuri na kwana bakwai. Wani tsarin kuma dole kwamfuta ta riƙa gaisawa da kamfani ta intanet lokaci-lokaci, in ta daɗe ba ta gaisa ba izinin ya faɗi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya tuna an rufe intanet sama da wata guda daga watan Yuni na 2019, an sake rufewa sama da mako uku bayan 25 ga Oktoba na 2021, sannan layuka suka mutu a watan Fabrairu na 2024. Ga ƙura, ga zafi, ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa tana ƙona kwamfuta. Saboda haka tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: idan kwamfutar nan ta mutu da tsakar dare, babu intanet, yaya zan tayar da wata?

Shekara ashirin na takunkumi

Ba za a fahimci halin da injiniyoyinmu suke ciki ba sai an koma baya. Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da goyon bayan ta'addanci a 1993, sannan a watan Nuwamba na 1997 shugaba Clinton ya hana kamfanonin ƙasarsa ciniki da Sudan. Dokar tana bin kayan ne duk inda suka je, wato ko a Dubai ko Alƙahira dillali yake, in dai manhajar 'yar Amurka ce bai da izinin miƙo ta nan. A farkon 2007 kuma Siemens da ABB, waɗanda ba na Amurka ba ne, suka sanar da janye jiki daga Sudan a lokacin da ake matsa wa kamfanoni lamba saboda rikicin Darfur. Da Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan tara a 2014, galibi saboda hulɗa da Sudan, sai bankunan duniya suka ƙara tsorata, har abin da doka ta halatta ma ya zama da wuyar biya.

Wani abin lura shi ne manhaja tana sauya ubangida ba tare da an shawarci mai amfani da ita ba. Wonderware ya koma hannun wani kamfanin Ingila a 1998, ya koma na Schneider na Faransa a 2014, aka haɗa shi da AVEVA a 2018. Citect na Ostireliya shi ma Schneider ya saye shi a 2006. Kana zaune a Umdurman sai a yi ciniki a Landan ko Faris, sharuɗɗan da ke kanka su sauya.

An cire babban takunkumin a watan Oktoba na 2017, an kuma cire sunan Sudan daga wancan jerin a watan Disamba na 2020. Mutane sun fara sa rai, sai juyin mulkin 2021 ya zo, sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu na 2023. A watan Mayu na 2025 Amurka ta sake sanar da wani takunkumi da ya shafi shigo da kayanta, bisa zargin amfani da makamai masu guba, zargin da gwamnati ta musanta. Wannan ya isa ya sa mai saye ya nemi dillali ya rubuta masa a takarda cewa an yi rajistar lasisin da sunan masana'antarsa da adireshinta na Sudan. Lasisin da aka saya da sunan wani kanti a Dubai aka ɓoyo shi a jaka yana aiki, amma ranar da mabuɗi ya lalace kamfani bai san ka ba.

Waɗannan shekaru ne suka haifar da al'adar kirak, wato fasasshiyar manhaja da aka cire wa makulli. Babu amfanin ɓoye-ɓoye, da ita da yawa daga cikin samarinmu suka koyi aiki, kuma a lokacin da ko da kuɗinka ba za a sayar maka ba, da wuya a ga laifinsu. Amma koyo daban, ɗora masana'anta a kanta daban. Ba ka san abin da wanda ya fasa ta ya cusa a ciki ba. Ba za ka iya kiran kamfani idan ta birkice ba. Sabon gyara ba ya hawa kanta, sai ka tarar an bar kwamfutar a kan Windows XP da Microsoft ya daina kula da shi tun 2014, kowa na tsoron taɓawa. A 2010 duniya ta ga ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ke yaɗuwa ta filashi tana neman manhajar Siemens, ta kuma lalata injina a tashar nukiliya ta Natanz a Iran alhali allo yana nuna wa masu tsaro cewa komai lafiya. Ba wanda zai ƙera irin wannan don injin riɗi, gaskiya ne, amma darasin shi ne allo yana iya yin ƙarya, kuma mutumin da ke tsaye kusa da tukunyar tururi da ransa yake dogara ga abin da allon ya nuna. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait cikin watan Disamba na 1988 ta yanke cewa haƙƙin mai ƙirƙira da na marubuci dukiya ce da shari'a ta kare. Sudan kuma tana da dokar kare haƙƙin mallaka ta 1996 da wadda ta maye gurbinta a 2013.

Ba dole sai mai tsada ba

Abin farin ciki shi ne akwai hanya ta halal mai sauƙin kuɗi, kuma ita ta fi dacewa da yawancin masu karanta wannan shafi. Kamfanonin Taiwan irin su Delta da Weintek suna sayar da allo, manhajar gininsa kuwa kyauta suke bayarwa, DOPSoft ga Delta, EasyBuilder Pro ga Weintek. Ka biya kuɗin allo, shi ke nan, babu ƙirga ɗigo, babu sabuntawa, kuma suna magana da ƙwaƙwalwar inji ta kamfanoni da yawa. Ga injin cika gora ko na ƙanƙara wannan ya wadatar. Akwai kuma manhajoji na buɗaɗɗen tushe irin su ScadaBR da aka yi a Barazil da Rapid SCADA, waɗanda kowa zai iya saukewa ya yi aiki da su. Sai dai kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya. Idan ta tsaya babu ofishin da za ka je ka buga tebur, sai ilimin yaron da ya kafa ta. In ya tafi Saudiyya ko Libya neman kuɗi bai bar rubutu ba, ka koma gidan jiya.

Wannan ya kawo mu ga makullin da ya fi addabar ƙananan masu inji, wanda ba na Siemens ba ne ba kuma na Amurka ba. Shi ne na mai ƙera injin ko ɗan kwangilar da ya haɗa shi. Inji ya zo daga waje, allo da rubutun Sinanci ko Turkanci, shafin sauya adadi da kalmar sirri, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ma a kulle. Akwai masu sa wa'adi a ciki ta yadda inji zai tsaya da kansa in ba a cika sauran kuɗi ba. Alluna da yawa kuma dunƙulallen kwafi ne kawai a cikinsu, wanda yake aiki amma ba ya gyaruwa, asalin zanen yana wurin wanda ya yi shi. Idan allon ya fashe, ko da ka samo irinsa sak a kasuwar Sajjana, fanko ne, ba abin da zai nuna.

Don haka kafin a biya kason ƙarshe na kuɗi, mai saye ya tsaya kai da fata sai an miƙa masa asalin zanen allo da na ƙwaƙwalwar inji a filashi, tare da dukkan kalmomin sirri, da sunan manhajar da aka yi aikin da ita da lambar fitowarta. A rubuta wannan a cikin yarjejeniya tun ranar ciniki, domin bayan kuɗi sun tafi roƙo ne ya rage. Kada kuma a yarda da filashi a hannu kawai. A sa wani ma'aikaci na daban ya buɗe abin a gabanka ya tabbatar shi ne wanda ke cikin injin. A nemi a mayar da rubutun allo zuwa Larabci ko Ingilishi kafin a ɗoro inji a jirgi. In akwai takardar lasisi, sunan wa ke kanta? In akwai dongul, wa ke riƙe da shi, kuma nawa ne kuɗin maye gurbinsa? Mu Hausawa mun saba ciniki da amana da musafaha, kuma amana abu ne mai kyau, amma mutumin da ka yi musafaha da shi a Guwanzu yana iya rufe kamfaninsa baɗi.

Yaƙin nan ya nuna amfanin wannan a fili. An wawashe masana'antun Bahri, an ƙona wasu, an zare wayoyin tagulla, an kwashe kwamfutoci, matatar Jaili kanta ta kama da wuta a watan Janairu na 2025. Ɓarawon da ya ɗauki kwamfutar ɗakin sarrafawa don ya sayar da ita da 'yan kuɗi kaɗan bai san ya tafi da mabuɗi da zanen da aka yi shekaru ana gyarawa ba. Wanda ya ajiye kwafi a wani gari, ko ya ɗauki hoton takardar lasisinsa a waya, yana da abin da zai nuna wa wakilin kamfani ya nemi a sake fitar masa da mabuɗi. Wanda komai nasa yake cikin ɗaki ɗaya sai ya soma daga tushe: a bi waya ɗaya bayan ɗaya, a gano me ke ina, a sake zana shafuka. In ƙwaƙwalwar injin ta tsira kuma ba a kulle ta ba, abu na farko shi ne a kwafe abin da ke cikinta kafin a taɓa komai.

Wannan aiki na sake ginawa yana buƙatar hannu da yawa, ga shi ƙwararru da dama sun bar ƙasar. Samarinmu na Umbadda da Darus Salam da suka iya haɗa wayar gida da gyaran mota mai fuska uku, tsakaninsu da wannan sana'a taki ɗaya ne, kuma ba sai da kirak ba. Ignition yana aiki cikakke na awa biyu ba tare da lasisi ba, in lokacin ya ƙare a sake danna shi ya ba da wasu awa biyun, sau nawa aka ga dama. Siemens yana ba da gwajin kwana 21 a kan TIA Portal. Manhajojin Delta da Weintek suna da hanyar gwada zane a kan kwamfuta ko da babu allo a hannu. Tsohuwar kwamfuta guda a shagon mai gyaran lantarki, da ƙaramin allon hasken rana da zai riƙe ta, sun isa yara huɗu ko biyar su riƙa karɓa-karɓa bayan la'asar.